Tambayarka ta tuna min da mai makarantar nan

Ka ce, "Maigida, in an sake rufe makarantu saboda annoba, wata makaranta ta kira ni in haɗa mata malamai da ɗalibai da iyaye, wace manhaja zan ɗora musu?" Yaro, daga jin tambayar na san inda hankalinka yake. Ku yaran yanzu komai manhaja. Yadda ake buɗe aji a Zoom ko Google Classroom ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda ya shekara a hannuna yana koyon aikin kwamfuta bai iya wannan ba, ya nemi wata sana'a.

Zauna ka ji abin da ya same ni.

Ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin ka ce kwabo, ɗalibai kusan biliyan 1.6 suna zaune a gida, a lissafin UNESCO. Cikin kwanakin nan mai wata makarantar kuɗi ya kira ni, jiki na rawa. Na ce masa mu fara da iyaye: a kira kowane gida a ji waya nawa ce da su, babba ce ko ƙarama, a hannun wa take, kuma ƙarfe nawa take dawowa gida. Ya ce ba shi da lokacin wannan. Shi bidiyo kai tsaye yake so, ƙarfe tara na safe, kowane yaro cikin kayan makaranta, fuskoki jere a allo, don ya ɗauki hoto ya nuna wa iyaye kuɗinsu bai faɗi ƙasa banza ba. Na san ba daidai ba ne, amma na bi shi, kuma har gobe abin yana cina.

Kafin alƙalamin da ya ba ni bai taka kara ya karya ba. Da kuɗina na sayo rauta, wato na'urar raba intanet, da kyamarori da wayoyin haɗi, na yi kwanaki ina koya wa malamansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙi biyan kuɗin Zoom, na kyauta kuma minti 40 yake yi ya yanke. Malamin lissafi na tsakiyar buga misali sai allo ya ɗauke, kafin a sake haɗuwa rabin aji sun watse. Sannan ya ɗauki linkin ajin ya manna a shafin makarantar na Facebook, duniya na gani. Wani ɗan iska ya shigo ya zana batsa a gaban yara 'yan aji huɗu. A watan Afrilun shekarar ne kamfanin Zoom ya mayar da lambar sirri da ɗakin jira su zo a kunne tun farko, saboda irin wannan ta'asa da ta yi yawa. Mu dai ta riga ta faru da mu.

Wani dare wata uwa ta kira ni da wayar maƙwabciya, muryarta na rawa. Mijinta a asibiti yake aiki, da asuba yake fita da wayar gidan, sai dare ya dawo. 'Yarta ta yi mako uku kullum tana sa kayan makaranta ƙarfe tara, ta zauna da littafi a cinya, ba waya. Yarinyar ta ɗauka an soke sunanta daga rajista ne. Da UNICEF ta fitar a watan Agustan shekarar cewa aƙalla yara miliyan 463 karatun nesa bai kai gare su ba, wannan yarinyar na tuna.

Ka san a cikin malaman wa ya riƙe ajinsa? Wata dattijuwar malama da ko rubutu a waya da ƙyar take yi. Takan yi saƙon murya na minti biyar, ta kira yaran da sunayensu, ta ɗauki hoton aikin da ta rubuta da hannu ta tura. Duk lokacin da waya ta dawo gida, yaro ya saurara, kuma data kaɗan yake ci. Gidan da ta ji shiru kwana biyu, ta buga musu. Ni na buɗe mata zaure biyu a WhatsApp: ɗaya ita kaɗai ke iya rubutu, don kada sanarwa ta nutse cikin surutu, ɗaya kuma na iyaye su yi ta magana. Lokacin mutum 256 zaure ke ɗauka, shi ya sa kowane aji da nasa. Da aka buɗe makaranta, ajinta ne ya dawo kusan a cike.

Shi kuwa mai makarantar, da zango ya ƙare na je karɓar cikona, sai ya ce in ba shi lambar sirrin babban asusun da ake sarrafa azuzuwan da shi zai duba wani abu. Na ba shi. Washegari ya canza ta, ya damƙa wa ɗan ƙanwarsa, ya aiko min cewa iyaye sun yi ƙorafi aikina bai yi kyau ba. Tsarin da shi ya nace a yi! Ba takarda a tsakaninmu, ba shaida. Wata uku na gumi, ga bashin kaya a wuyana, kuma rautocina suna maƙale a bangonsa har yau.

Don haka in sun kira ka, a rubuta yarjejeniya, su sayi kayansu da kuɗinsu, kuma lambar sirri ba ta barin hannunka sai ciko ya shiga aljihu. Kafin ka taɓa kwamfuta, ka sa a kira gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ko da mai makarantar zai ɓata rai. Gobe ka zo da littafi da biro in nuna maka yadda ake jera bayanan kowane gida. Kuma ka ajiye wayar nan in ina maka magana.