Shin Ana Iya Tare Narkakken Dutse Kafin Ya Shiga Gari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hotunan yadda narkakken dutse ya ƙone gidaje a garin Grindavik na ƙasar Aislan duk da ganuwar da aka gina, shi ne nake son sanin ko akwai dabarar da ke hana shi isa gari. Ɗalibaina kuma suna tambaya ko Dutsen Tangale da ke kusa da mu zai iya yin aman wuta wata rana.
Daga wani malamin makaranta, Kaltungo, Jihar Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Narkakken dutse yana fitowa da zafin da kan haura digiri 1,000, kuma iyakar abin da ɗan Adam ke iyawa shi ne ya rage masa gudu ko ya karkatar da shi. Ganuwar Grindavik ta yi aikinta a Janairun 2024, domin ta juya babbar kwararar gefe. Abin da ya faru shi ne ƙasa ta sake tsagewa a cikin ganuwar, dab da gari, gidaje 3 suka ƙone.

Nasarar da aka fi ambata ita ce ta tsibirin Heimaey, a Aislan ɗin dai, a 1973. An kwashe mazauna kusan 5,000 a daren farko cikin jiragen kamun kifi, sannan aka shafe watanni ana feshin ruwan teku a kan goshin kwararar har ta daskare ta zama shinge ga wadda ke biyo ta. An yi asarar gidaje kimanin 400, amma tashar jiragen ruwa, wadda ita ce abincin garin, ta tsira. Sai dai wannan dabara tana bukatar teku a kusa da kuma kwarara mai tafiyar hawainiya. A Goma ta Kwango, inda Dutsen Nyiragongo ya yi aman narkakken dutse ruwa-ruwa mai gudu a 2002, ya ratsa tsakiyar birni har tafkin Kivu, gudu ne kaɗai ya ceci jama'a.

Karkatarwa kuwa tana da rigima irin ta mai jingar da ya juya wa maƙwabcinsa ambaliya. A 1669 mutanen Kataniya a Italiya suka rufa jikinsu da jiƙaƙƙun fatu, suka fasa gefen kwararar Dutsen Etna da ƙarafa, sai ta nufi garin Paterno, mutanen can kuma suka fito da makamai suka kore su. A ganina, wannan ne ya sa tilas hukuma ta yanke shawarar inda za a tura shi tun kafin dutse ya motsa.

Batun Dutsen Tangale, ɗalibai su kwantar da hankalinsu. Daskararren dutse ne da ya toshe maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta shekaru miliyoyi da suka shige, zaizayar ƙasa ta cinye abin da ke kewaye da shi ta bar shi tsaye. Mai rai a maƙwabtanmu shi ne Dutsen Kamaru, wanda kwarararsa ta yanke hanyar bakin teku kusa da ƙauyen Bakingili a 1999.