Kyautar Kamfanonin Katin Bashi a Filin Wasa: Wa Ke Biya?

Wani ɗan kasuwa mai shagon wayoyin hannu ya aiko da tambaya cewa yana yawan ganin sunan Mastercard a allunan gefen fili idan ana gasar zakarun Turai, kuma ƙanensa da ke karatu a Amurka ya ba shi labarin gatan da ake yi wa masu katin American Express a gasar tenis. Yana so ya san ta inda kamfanonin ke mayar da kuɗinsu, domin matasan unguwarsu sun nemi ya ɗauki nauyin gasar ƙwallonsu, shi kuma yana tunanin ko zai iya bin wannan sawu.

Malam, bari mu fara da abin da ƙanenka ya gani. American Express na cikin masu ɗaukar nauyin gasar tenis ta US Open tun 1994, wadda ake yi a birnin New York daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Wanda ya nuna katinsa akan ba shi wata 'yar ƙaramar rediyo da ake maƙalawa a kunne domin sauraron sharhin wasa kai tsaye, sannan akwai ɗakin hutawa da aka keɓe wa masu katin. Kuɗin rediyon bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin tikiti, amma tana rataye a kunnen mutum tsawon yini, kuma na kusa da shi da bai samu ba zai tambaya daga ina, a ce masa sai mai katin. Ka ga kyauta ɗaya ta yi aiki biyu: ta riƙe tsohon abokin ciniki, ta kuma sa wanda ba ya ciki jin an bar shi a baya.

Visa kuwa wata hanya ta bi. Tun 1986 take tare da gasar Olamfik, kuma sharaɗinta shi ne ba a karɓar katin wani kamfani a wuraren gasar sai nata. Darajar wannan keɓancewa ce ta sa aka je kotu a kan gasar cin kofin duniya: Mastercard na tare da FIFA tun 1990, sai FIFA ta ƙulla yarjejeniya da Visa, Mastercard ta kai ƙara a New York, aka sasanta a 2007 FIFA ta biya ta dala miliyan 90. Kamfani ba ya yin irin wannan shari'a saboda allo kawai. Abin da yake karewa shi ne kada abokin hamayya ya tsaya kusa da shi a gaban jama'ar.

Kuɗin kuma daga wurare uku suke fitowa. Akwai kason da ake cirewa daga mai shago duk lokacin da aka biya da kati, wanda a Amurka yakan kai kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, mai shagon kuma yakan ɗora shi a kan farashin kaya, har wanda ya biya tsabar kuɗi ma ya taya biya bai sani ba. Akwai kuɗin ruwa da bankuna ke karɓa daga wanda bai biya bashinsa a kan lokaci ba, wanda a can yakan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, abin da ni ba zan ba Musulmi shawarar ya kusanta ba, balle ya gina kasuwanci a kai. Sai kuɗin riƙe kati na shekara: katin Platinum na American Express ya tashi daga dala 695 zuwa 895 a 2025. Wanda ya biya wannan, ai da kuɗinsa ya sayi rediyon da kujerar hutawar. Shaidar cewa kason mai shago na cikin abin da ke biyan kyaututtukan ita ce Tarayyar Turai, inda tun 2015 aka taƙaita kason da bankin mai katin bashi ke samu a kowane ciniki zuwa kashi 0.3 cikin ɗari, shi ya sa kyaututtukan katunan can ba su kai na Amurka tsoka ba.

Yanzu ga inda ka bambanta da su, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi lissafi. Mai kati yana amfani da shi kusan kullum, don haka ko ɗan kaɗan kamfani ke samu a kowane ciniki, zai taru a shekara. Waya kuwa mutum kan yi shekara biyu ko uku bai sake wata ba. Idan ribar waya kaɗai kake hange, gasar unguwa ba za ta mayar maka da kuɗinka ba. Abin da ke dawo da mutum shagonka a kai a kai shi ne caja, gilashin kariya, katin waya, data da gyara, kuma masu sayen waɗannan su ne matasan da za su cika filin. Saboda haka ina ganin za ka iya shiga, amma ba ta hanyar da aka saba ba, wato a sayi kofi da riguna, a rataya ƙyalle mai sunan shago, a yi ta kiran sunan Alhaji a lasifika, washegari kowa ya manta.

Ka ɗaura kyautar a kan ciniki. Ka kafa rumfa guda a gefen fili da kujeru, ruwan sanyi da wurin cajin waya, ka sanar tun kafin gasar cewa duk wanda ya zo da rasidin shagonka na cikin wata uku da suka wuce yana da kujera. Wanda ke tsaye cikin rana yana hangen maƙwabcinsa a inuwa zai fahimci saƙon fiye da yadda kowane ƙyalle zai faɗa masa. Ka kuma bi sawun Visa a abu ɗaya: ka rubuta da shugabannin gasar, a gaban shaidu, cewa babu wani mai sayar da waya da zai kafa talla a filin har a gama. Maganar baki ba ta isa ba, domin ranar wasan ƙarshe wani zai iya zuwa da kyautar da ta fi taka, a karkata gare shi.

Kuɗin da za ka kashe su fito daga riba, kada ka taɓa uwar kuɗi. A misali, idan ribar da kake samu daga matashi ɗaya a wata naira dubu ɗaya ce, ka kashe dubu ɗari, to kana buƙatar sababbin mutum 25 su yi wata huɗu suna ciniki kafin kuɗinka su dawo. Idan ka ga unguwar ba za ta ba da wannan adadi ba, ka rage hidimar, ko ka bayar da abin da ya sawwaƙa da niyyar taimako, ka cire shi daga lissafin talla gaba ɗaya. Ranar gasa kuma ka zaunar da yaron shagonka a bakin rumfa da littafi, yana rubuta lambar kowane rasidi, sannan bayan wata biyu ka gwada cinikin caja da gyara da na watannin baya kafin ka amsa musu na baɗi.