Gigin tsufa ne ko hauka?

Wata mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna, ta rubuto cewa kakarta tana kiranta da sunan wata ƙanwar ita kakar, wadda ta rasu tuntuni, kuma takan tambayi ko an yi la'asar sau biyar kafin a kira magariba. Mutanen gida sun ce gigin tsufa ne, maƙwabta sun fara raɗa cewa hauka ne. Wace kalma ce daidai?

'Yar uwa, Allah ya ba Kaka lafiya. Kalmar gigi mun fi saninta a gigin barci: a tashi mutum ba shiri, ya rasa inda yake, ya yi ta sambatu. Da Bahaushe ya ga tsoho cikin irin wannan ruɗani sai ya ce gigin tsufa. Akwai tausayi a kalmar, domin ba a fushi da mai gigi. Amma tana da illa. Da zarar an jingina abin ga tsufa, sai a naɗe hannu, a ce ai shekaru ne, ba mai maganar asibiti.

Hauka kuwa kalma ce mai rufe ƙofa. Ranar da aka laƙaba wa tsohuwa ita, ranar ake fara ɓoye ta a ɗakin baya, masu zuwa gaisuwa su ɗauke ƙafa. Ta wani wajen har mayya ake ce mata, wannan kam zalunci ne.

Ni na fi son ciwon mantuwa, saboda ciwo yana jawo "sannu" da dubiya. Kuma ciwon ne, na ƙwaƙwalwa. Ba kowane tsoho yake kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ke fama da shi a duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari kuwa nau'in Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya yi bayaninsa a 1906. Magabata sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Barnawa, amma iyalai na zaune da majinyaci ba su kai shi ba, don sunan da suka ba abin bai nuna musu hanya ba.

Ku kai Kaka a duba ta, ko da ba a samu waraka ba za a koya muku kula da ita. Kafin nan, in ta sake kiranki da sunan ƙanwarta, kada ki yi mata gardama. Ki amsa, ki zauna kusa da ita.