Sai na ba shi faswod ɗina kafin ya haɗa mani Zoom da Miro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a nan Katsina wajen Ƙofar Kaura, ina yi ma 'yan SS3 lesin ɗin lissafi ta Zoom bayan isha'i. Da a Jamboard nake rubutu, da aka rufe shi na koma Miro. Kullum sai na buɗe sabon mitin, na buɗe sabon allo, na kwafi linki biyu na tura guruf ɗin WhatsApp, in an tashi kuma in zauna ɗora rikodin, wallahi na gaji. Wani yaro ya ce zai haɗa mani su su riƙa yi da kansu, amma sai na ba shi faswod ɗin Gmail ɗina da lambar da za a turo mani a waya. Hankalina bai kwanta ba, shi kuma ya ce kowa haka yake yi. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki ba shi, ko faswod ɗin ko lambar. Zan dawo kan wannan don nan ne maganar take, amma bari mu fara rage maki gajiyar.

Rabin wahalar nan taki ba ta buƙatar wani haɗi. A Zoom ki tsara mitin mai maimaituwa, linki ɗaya ne zai riƙa aiki kullum, ki liƙa shi a saman guruf kin huta, ki dai bar faskod ɗin shiga mitin da ɗakin jira a kunne. Allon ma ki daina buɗe sabo kullum. Miro na kyauta allo 3 kawai yake bari a yi rubutu a kai, in kika buɗe na huɗu tsohon sai dai kallo, toh kinga in aka haɗa maki abin da zai riƙa ƙirƙirar allo duk dare, cikin kwana huɗu kin fara kulle aikinki da hannunki. Ki yi allo ɗaya ma kowane aji, kowace rana ki ja sabon firam, wato filin rubutu da aka zagaye, a ciki ki sa kwanan wata. Yaron da bai zo ba jiya zai ja baya ya ga abin da aka yi. Kuma akwai Miro a cikin manhajojin Zoom, kina iya buɗe allon daga cikin mitin ɗin.

Rikodin kuma, Zoom na kyauta a kan kwamfutarki yake ajiyewa, cikin folda mai suna Zoom. Ki sauke Google Drive na kwamfuta ki nuna mashi wannan foldar, duk abin da ya shiga zai ɗora da kanshi in akwai sabis. Ki lura da 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta, bidiyo na cinye shi da sauri.

Abin da ya rage shi ne tunatarwa, nan ne Zapier ko Make ke shigowa, wato shafukan da ke haɗa manhajoji su riƙa yi maki aiki da kansu. Ki sa darasin a Google Calendar, in lokaci ya kusa saƙo ya fita da linkin. Zapier na kyauta aiki 100 ne a wata kuma mataki biyu kawai yake yarda, abu kaza ya faru, a yi abu kaza, shi kenan. Make ya fi sakin hannu, aiki 1,000 ne a wata kuma ana jera matakai da yawa, ni shi nake zaɓa ma malamai irinki. Sai dai ki sani ba za su tura saƙo cikin guruf ɗin WhatsApp na gama-gari ba. Masu ce maki ki sikanin lambar QR a wani shafi don ya riƙa tura maki saƙo, wannan ya saɓa ƙa'idar WhatsApp kuma ana iya rufe maki layi. Imel ko guruf ɗin Telegram su ne ke karɓar wannan ba rigima.

Yanzu maganar faswod. Wannan "kowa haka yake yi" ita ce maganar da ta fi ɓata mani rai a sana'ar nan, kusan kullum sai na ji ta, daga shagunan gyaran waya har ofisoshi. Ba gaskiya ba ce. Babu wani haɗi tsakanin Zoom da Miro da Google da ke buƙatar wani ɗan adam ya san faswod ɗinki. Yadda aka gina abin, in kika danna haɗawa a Make ko Zapier, shafin Google ne da kanshi ke buɗewa, ke za ki shiga da hannunki, sannan ya lissafa maki abin da manhajar ke neman izini a kai, kalanda ce ko Drive, ki yarda ko ki ƙi. Manhajar ba ta ganin faswod ɗin sam, wani ɗan makulli ake ba ta na ɗaki ɗaya wanda kina iya ƙwacewa duk ranar da kika ga dama. Shi kuma yaron nan makullin gidan gaba ɗaya yake nema, da lambar da ake turowa a waya wadda an yi ta ne musamman don ko an saci faswod a kasa shiga. Ko dai bai iya aikin ba, ko ya iya yana son gajeriyar hanya, ko akwai wata manufa, kuma duk ukun amsarki ɗaya ce.

Mutane na ɗaukar Gmail kamar akwatin wasiƙa ne kawai. Haba Malama. Da shi ake sake faswod ɗin Facebook da Zoom da Miro ɗin kanshi, hotunan wayarki na iya kasancewa a ciki, lambobin mutanenki na ciki, wanda ya riƙe shi yana iya goge wayar Android daga nesa. Kuma ke ba kayanki kaɗai ne a ciki ba, akwai rikodin ɗin ɗiyan mutane, 'yan mata masu shekara 16 da 17 suna cikin ɗakunansu da dare, fuskokinsu da muryoyinsu da sunayensu da lambobin iyayensu. Iyayen nan ke suka sani, ke suka yarda da ke, ba su san wani yaro ba. In bidiyon ɗiyar wani ya fita ya shiga yawo a wayoyi a garin nan da kowa ya san kowa, ba wanda zai tambayi wa ya haɗa Zapier, ƙofarki za a zo. Ga dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, ita ma wanda ya tattara bayanan take ɗora ma nauyin tsare su.

Na taɓa zama da wani mai makaranta da ya yi irin wannan, ya ba yaro komai don a haɗa mashi azuzuwa, yaron ya sa lambar wayarshi a matsayin lambar dawo da akawun wai don sauƙin aiki. Da suka samu saɓani kan kuɗi yaron ya daina ɗaga waya, bawan Allah nan ya tsaya a waje yana kallon akawun ɗinshi, darussan zango guda na ciki. Yaron ma ba ɓarawo ba ne, fushi kawai ya yi, kinga ba sai mutum mugu ne ba abin ke lalacewa. Shi ya sa "ai na san gidansu" ba ta isa hujja ba. Irin su ne kuma ke sa ma mutane Zoom ɗin da aka fasa wai don a tsallake iyakar minti 40, kada ki bari a sa maki, ba ki san me aka cusa a ciki ba. In minti 40 ya cika ku sake shiga da linkin nan, ko ki koma Google Meet mai minti 60.

In kina son ya taimaka maki ba laifi, ki biya shi haƙƙinshi, amma ya zo ya zauna gefenki, akawun ɗin Make a buɗe shi da imel ɗinki, duk inda aka nemi faswod ke za ki karɓi kwamfutar ki rubuta bayan kin duba adireshin sama accounts.google.com ne.

In kuma kin riga kin faɗa mashi wani abu, yau ɗin nan ki canza faswod, ki shiga myaccount.google.com ɓangaren tsaro ki duba lambar waya da imel na dawo da akawun naki ne, ki fitar da duk na'urar da ba ki sani ba, ki cire manhajojin da ba ke kika ba izini ba, don canza faswod kaɗai ba ya kore su duka. Sannan ki leƙa saitin Gmail ki tabbatar ba a sa wasiƙunki su riƙa wucewa wani adireshi ba.