Lambar Rondo: kyautar masu adana finafinan ban tsoro

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai kyautar da masu kallo da kansu ke zaɓa a fannin finafinan ban tsoro, wadda kuma ke tuna masu bincike da adana tsofaffi. Akwai ta a Amurka, sunanta Rondo Hatton. David Colton da Kerry Gammill ne suka ƙirƙiro ta a 2002, kuma kowa na iya jefa ƙuri'arsa ta imel, babu wani kwamitin alƙalai.

Shi Rondo Hatton ɗan wasan fim ne da ya rasu a 1946. Wata cuta ce ta kumbura masa ƙasusuwan fuska, sai masu shirya fim suka riƙa sa shi a matsayin mugu saboda kamanninsa. Ɗan mutum-mutumin kansa ake bai wa wanda ya yi nasara, kuma a ganina wannan karramawa ce da Hatton ya cancanta tun yana raye.

Abin da ya fi burge ni shi ne rukunan: littafin tarihi, maƙalar mujalla, sharhin da masani ke yi a kan faifan fim, da gyaran tsohon fim. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin aiki ba ne. Binciken Laburaren Majalisar Dokokin Amurka na 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan ƙasar marasa sauti sun ɓace. Fim ɗin London After Midnight na 1927 ma, kwafinsa na ƙarshe da aka sani gobara ce ta cinye shi a ma'ajiyar kamfanin shirya finafinai na MGM.