Kin tambaya ko a gaya wa dangin miji

'Yar nan, saƙonki ya iso. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai ko al'ada ta yarda a gaya wa masu neman aurenki cewa sankarar ƙwan mahaifa ta ɗauke mata biyu a danginmu? A zamaninmu masu binciken aure kuturta suke tambaya, da hauka, da farfaɗiya, sai asali. Wa ya san sunan wannan ciwo balle ya tambaya?

A 1973, shekarar da aka bar fam aka koma naira, ina makarantar nas, cikin Inna Babba ya fara tasowa. Ta haura hamsin, al'ada ta daɗe da ɗauke mata, amma matan gida suka ce kwantaccen ciki ne ya tashi. Har guɗa aka yi mata a tsakar gida, kishiyarta ta wuni a ɗaki ba ta ce uffan ba. Ita kuwa loma biyu za ta yi ta ce ta ƙoshi, ga yawan zagayawa, wuya yana ramewa ciki yana girma. Aka yi ta ɗura mata jiƙo, wanzami ya zo ya yi ƙaho. Ranar da na ƙwanƙwasa cikin na ji ruwa yana kai da komowa, na ce wa Kaka a kai ta asibiti. Harara na sha. "Ke, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mace da girmanta ta kwanta namiji ya buɗe mata zane?" Sai da numfashi ya fara gagara aka sa ta a bayan a-kori-kura, da daddare don kada maƙwabta su gani. Aka zuƙe ruwan, bai yi mako ba ya dawo. Ba ta ga azumin shekarar ba, Allah ya jiƙanta.

Wannan p53 da kike karantawa a jami'a, wato wani furotin da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, lokacin ba a ma gano shi ba, sai a 1979. Shi ne mai ba ƙwayoyin gado umarni: in ƙwayar halitta ta sami matsala ya tsayar da ita ta gyaru, in ba ta gyaruwa ya sa ta mutu. A nau'in sankarar ƙwan mahaifa da ya fi kisa, sama da kashi 90 cikin 100 ana tarar ya lalace, kuma ciwon kan bazu a ciki kafin a farga. Amma wannan lalacewa galibi a cikin ƙarin sankarar kansa take faruwa, ba gadonta ake yi ba. Abin da aka fi gada shi ne matsalar ƙwayoyin gadon da ake kira BRCA1 da BRCA2, kuma ta wajen uba ma tana biyowa, in mahaifi na ɗauke da ita, yiwuwar kowane ɗa ya gada rabi da rabi ce. Don haka kada ki ce ai ta babanki kika haɗa jini da Inna, kin tsira.

Ku 'yan yanzu kuma kun wuce gona da iri. Kaka ta ɓoye har aka rasa rai, ku kuwa takardar gwaji kafin ta isa gida ta isa Facebook. Rufin asiri bai zama laifi ba, likita ne kawai ba a yi wa shi.

Zancen dangin yaron nan, bari kawunki ya dawo daga tafiya mu zauna, ba maganar waya ba ce. Ke dai ki fara ganin likitan mata, ki gaya masa tarihin gidanmu duka. Ki ja yayarki ku tafi tare, na ji tana kukan kumburin ciki tun kafin salla.