Rubutun talla a jikin mota: fenti ko sitika, kuma me za a rubuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki nake yi a Zariya. Na samu 'yar akori-kura ta ɗaukar kaya, ina so a yi mini rubutun talla a jikinta, da allo a bakin shago. Me zan rubuta, kuma fenti ya fi ko sitika?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

Kafin a je ga fenti ko sitika, ka tuna wanda zai karanta. Mutum ne a kan babur ko cikin adaidaita sahu, ya biyo bayanka a cunkoson PZ ko Kwangila, kallo ɗaya zai yi ya wuce. Bai san ka ba, sunan shagonka bai dame shi ba. Abin da ya dame shi, firjin gidansa ya daina sanyi, ƙanƙarar da uwargida ke sayarwa ta narke. Don haka GYARAN FIRJI DA A.C. shi ne babban rubutu, lambar waya ta biyo baya, sunan shago ya zo ƙarami a ƙasa. Yawancin masu kawo mini aiki akasin haka suke so: suna ƙato, sai jerin ayyuka goma da lambobi uku. Raina yana ɓaci in na ga an kashe kuɗi a kan irin wannan, domin ba mai iya karanta shi sai motar ta tsaya cak.

Lamba ɗaya ta isa, wadda take da WhatsApp kuma kullum a kunne. Alƙaluman lambar waya a ƙasar nan 11 ne, a raba su 4, 3, 4 yadda ido zai kwashe su. Ma'aunin da muke bi shi ne tsayin harafi inci 1 ga kowace tazarar ƙafa 10. Wanda ke bayanka da ƙafa 40 yana bukatar inci 4. Marfin baya ya fi ko'ina daraja, nan ake daɗewa ana kallo, sannan ƙofofi. Launi kuwa, baƙi a kan fari ko ruwan ɗorawa, ko fari a kan shuɗi mai duhu. Ja yana saurin koɗewa a ranarmu. A sa hoton firji ma, saboda wanda bai yi boko ba.

Ga mota, sitikar da ake yankawa harafi-harafi na fi so, don ranar da ka canja lamba ko za ka sayar da motar sai a ɗaye. A wanke jikin tas, a goge da sifirit, a manna a inuwa. In aka liƙa a kan ƙurar hunturu ko ƙarfe mai zafin tsakar rana, gefe zai fara tashi tun ba a je ko'ina ba. Kada a rufe lambar mota, fitila ko gilashin da direba ke gani ta ciki.

Allon shago kuwa, fentin mai a kan farantin ƙarfe ya fi bana, wato ƙyallen talla na roba, jure rana da iskar damina. A kafa shi yana fuskantar masu tahowa ta ɓangarorin biyu, kada ya kwanta jikin bango.

Kafin ka kafa, ka leƙa sakatariyar ƙaramar hukumarka, Zariya ko Sabon Gari, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da allunan talla. In kana tsallaka jihohi, ka san akwai masu karɓar kuɗin tallan jikin mota, kamar LASAA, hukumar kula da allunan talla ta jihar Legas. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit, ka ajiye kwafi a cikin motar.

In kuma yaronka ne zai riƙa tuƙi, ka ja masa kunne, domin duk wanda ya yi wa ganganci a titi lambarka zai kira.